Wai da gaske dattawa ke gyaran jirgin ƙasa kyauta a Turai? Mu fa tamu tashar?

Na Bakin Dogo:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku raba mana gardama. Jiya da daddare a majalisa wani yaro ya nuna mana bidiyo a waya, wasu dattawan Turawa ne, wani furfura har a gira, sun yi dumu-dumu da baƙin mai suna ta goge wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa irin mai hayaƙin nan na da, kai ka ce amarya ake wa kwalliya. Yaron ya ce wai ko sisi ba a biyansu, kuma har biki suke shiryawa mutane su zo su biya su hau. Nan fa musu ya kaure, Baba mai shayi ya rantse ba Baturen da zai yi aikin banza. Ni kuma abin ya tsaya min a rai saboda dogon Nguru ta bayan gonarmu ya wuce, nan gabas da Ringim, kuma 'yar tashar da ke kusa da mu yanzu awaki ne ke kwana a barandarta. To gaskiya ne? Kuɗin gawayi da gyara daga ina? Kuma irin wannan zai yiwu a wajenmu ko mafarki nake?

Ɗalibi a Ingila:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka gaya wa Baba mai shayi ya yi kaffara, gaskiya ne. Ni da kaina na hau irinsa a yankin Wales, sunansa Talyllyn, ɗan dogo ne da bai fi mil 7 da ɗoriya ba, yana tashi daga wani garin bakin teku Tywyn ya shiga cikin duwatsu. A 1865 aka shimfiɗa shi don kwaso wani irin falalen dutse da suke rufin ɗaki da shi. Da kasuwar dutsen ta mutu, mai dogon ma ya rasu a 1950, sai masu son abin suka haɗa ƙungiya suka karɓa, a watan Mayu 1951 suka tada jirginsu na farko, kuma shi ake lissafawa na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto. Faɗin dogon ƙafa 2 da inci 3 ne kacal, namu na Nguru ƙafa 3 da rabi, wato nasu kamar ƙanen namu ne. Kawunan jirgi biyu na asali, na 1864 da na 1866, har yau suna hannunsu.

Kuɗi kuwa tikiti ne, da shagon shayi, da kuɗin da 'yan ƙungiya ke zubawa duk shekara, da gudummawa. Sai bukukuwan da ka ce. Irin waɗannan ƙananan dogo suna da yawa a Birtaniya kuma kusan kowanne lokacin Kirsimeti yana da jirgi na musamman na yara, a raba musu kyaututtuka a cikin tarago, nan suke tara abin da zai riƙe su lokacin sanyi da baƙi ke ƙaranci. Wasu wuraren za ka biya a koya maka tuƙi na yini guda, direba na tsaye a kanka. A Tywyn ma sun yi shekaru suna tsere da jirgi a watan Agusta, mutane da ƙafa ta cikin gonaki da taɓo, wajen mil 14 zuwa da dawowa, 'yan uwansu na cikin tarago suna musu ihu ta taga.

Amma fa abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne wahalar. Jirgin tururi ba mota ba ce da za ka murɗa makulli, tun da duku-duku wani ke zuwa ya hura wuta a jira awanni kafin ruwa ya tafasa. Tukunyar kuma duk shekara sai an duba ta, bayan kamar shekara 10 a wargaza ta gaba ɗaya a sake bi. Kuma ba a ba ka tuƙi don ka zo da zumuɗi, daga mai goge-goge kake farawa, ka koma mai zuba gawayi, sai bayan shekaru da jarrabawa. Akwai 'yan ma'aikata kaɗan masu albashi, don a yi wa Baba adalci, amma yawanci sa kai ne. Wanda ya duba min tikiti ce min ya yi malamin makaranta ne da ya yi ritaya.

Ɗan Lebura, Malam Madori:
Malam Ɗalibi ka burge ni da ka kawo maganar wahala, don mu a gidan reluwe muka tashi. Mahaifina Allah ya jiƙansa leburan dogo ne. Ana sallame asuba zai saɓa wata guduma mai doguwar ƙota ya kama hanya a ƙafa, yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙarfe, da kunne yake gane inda ƙusa ta saki, ya ce mai lafiya ƙararsa daban mai ciwo daban. Da damina kuwa ba shi da barci, ruwa ɗaya zai iya kwashe tsakuwa da ƙasar da ke ƙarƙashi ya bar dogo na reto a sama, kuma ka san ƙasarmu ta nan rairayi ce. Da rani iska ta turo yashi ta binne. Ga ciyawa, ga magudanan ruwa da ke toshewa. Har ya bar aiki tafin hannunsa kamar ƙirgi, in ya shafa kanka sai ka ji zafi.

Shi ya sa in na ji ana cewa biki sai in yi dariya. Biki ai yini ɗaya ne, mu gwanayensa ne, a kira makaɗa a yanka rago. Wa zai fito ranar Talata da rana tsaka ya cire ciyawa ba mai ɗaukarsa hoto? Ga kuma babbar magana, su can dogon na ƙungiyarsu ne. Namu na gwamnatin tarayya ne, yana hannun hukumar jiragen ƙasa ta NRC da aka kafa tun 1955, ko ƙusa ɗaya ka kwance da sunan gyara ba izini sai ka kwana a caji ofis. Tarihi dai muna da shi ba ƙarya, jirgi ya iso Kano a 1911, reshen Nguru a 1930, kuma gyaɗa ce ta jawo shi, garinmu ma ai a jikin tasha ya girma.

Gaskiya Ɗaci:
Ku dai ku yi ta mafarki. Mutumin da ya ƙoshi, fanshonsa na shiga duk wata, shi ke goge jirgi don nishaɗi. Nan wanda za ka kira gayyar, shi taki yake nema. Kuma ku gyara yau gobe 'yan jari bola su zo da zarto. Mu kwamitin gyaran famfo muka yi a unguwarmu, mutum 9, kuɗin suka shige aljihun mutum ɗaya, har yau jarka muke saya.

Malama Uwar Biyu:
Haba Malam Gaskiya Ɗaci, ai aikin gayya ba Bature ya koya mana ba. Wa ke yaɓen masallaci kafin damina, wa ke share maƙabarta, wa ke cike zaizayar hanya? Duk talakawa ne masu neman taki. Abin da ba mu saba ba shi ne yi wa kayan tarihi. Kuma ba sai an je Turai ba, a Legas cikin harabar reluwe ta Ebute Metta akwai wani tsohon gida na 1898, Jaekel House, wata ƙungiya mai suna Legacy 1995 ce ta gyara shi ya zama ɗan gidan tarihi, da tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi. Ba su tada jirgi ba, gini suka kama.

Ni shawarata ga mai tambaya, ka manta da kan jirgi tukuna. Ku je wajen mai gari da hakimi, a rubuta wa hukuma takarda a nemi izinin shara da fenti kawai. Sannan tsofaffin da suka yi aikin nan suna ƙarewa, a zauna da su da waya a naɗi muryarsu. Ni aji biyar nake koyarwa, ran nan na tambayi yara wa ya taɓa shiga jirgin ƙasa, yaro ɗaya ne ya ɗaga hannu, shi ma da na matsa ashe a talabijin ya gani, alhali kullum dogon suke tsallakawa su zo makaranta. In kun share wurin ni zan kawo su, ko da yawon sallah ne, a sa wani dattijo ya ba su labari, mata su kawo ƙosai da zoɓo a sayar a sayi fenti.

Na Bakin Dogo:
Kai na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na karanta wa 'yan majalisa, Baba mai shayi ya ce tunda akwai masu albashi a ciki shi bai yi rantsuwar banza ba, kaffara babu. Malama shawararki na ɗauka, Juma'a in an sauko zan tari mai gari da maganar, mun riga mun zama mu 6 har da mai walda. Kuɗi kuma ba za mu tara ba balle a ci, kowa ya zo da fartanyarsa da tsintsiya. Yaya na Malam Madori, don Allah gudumar Baba tana nan kuwa?

Ɗan Lebura, Malam Madori:
Tana nan a ɗakin tsohuwa, da fitilarsa ta hannu mai jan gilashi da kore, sai dai ƙotar gara ta ci. Ba ta bari a taɓa, amma zan gwada lallaɓa ta. Ku dai fara samo takardar, kuma ku tambayi mai awakin nan inda zai mayar da su kafin ku zo da fenti.