Awa 48 ɗin Baba Malam: wasiƙu na shigowa, namu ba sa fita

Ɗan Auta, Garwa: Assalamu alaikum manyana. Ina cikin wani hali. Daren Juma'a bayan isha'i na kwashe imel ɗin ofishinmu daga tsohuwar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe mana wasiƙu, zuwa sabuwa, wadda muka kama haya a Turai, na ɗora mata Postfix da Dovecot, manhajojin da ke kula da fita da shigowar wasiƙu. Na tura wa kaina saƙo, ya shigo. Na tura wa akawunmu, ya shigo. Na je na yi barcina. Yau Litinin tun ƙarfe takwas Alhaji ke kirana. Motoci uku da suka ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere suna tsaye a Kuseri, wakilinmu na can ya ce takardun duwan, wato kwastan, da aka tura masa tun Asabar ko ɗaya bai gani ba. Wasiƙun mutane na shigo mana lafiya lau, namu ne ba sa isa. Kuma a wayar kowa an nuna saƙo ya tafi.

Baba Malam, Marwa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗana, DNS ne, kundin intanet da ke haɗa suna da lambar inji, bai gama bazuwa ba. Duk wanda ya yi ƙaura irin wannan sai ya ba shi awa 48, wani lokaci har 72. Kada ka taɓa komai, kar garin neman gira a rasa ido. Ka ce wa Alhaji ya yi haƙuri zuwa gobe.

Ɗan Kuseri: Ni dai na ce rezo ne, netwok ɗin waya. Tun jiya a nan ko hoto ba ya buɗewa sai an hau saman soro.

Yaya Injiniya, Injamena: Baba Malam, Allah ya ƙara girma, amma yau ban bi ka ba. Mu fara da lissafi: daga daren Juma'a zuwa safiyar nan kusan awa 60 ke nan, awa 48 ɗin ta wuce tun daren jiya. Sannan abin da yaron nan ya canja a DNS, wato MX, aikinsa ɗaya ne, ya gaya wa duniya inda za a kawo musu wasiƙa. Tunda wasiƙu na sauka a sabuwar, to ya kama. Wajen fita kuwa, uwar garkensa ce ke tambayar MX ɗin wanda za a kai wa, ba nasu ba. Ƙanena, gwajin da ka yi ba gwaji ba ne. Ka miƙa wa na gidanku takarda a tsakar gida, ka ce gidan waya na aiki. Shiga ka buga mailq, umarnin da ke nuna wasiƙun da ke jiran fita, ka turo mana abin da ka gani.

Baba Malam, Marwa: 'Yata, tun ana shiga intanet ta wayar tangaraho nake wannan aiki a Marwa. Na sha ganin an yi ƙaura, abu ya ƙi, an kwana biyu ya gyaru da kansa ba wanda ya sa hannu. Wannan ba a littafi na karanta ba.

Yaya Injiniya, Injamena: Ban musa ka gani ba, Baba. Awa 48 ɗin ma tana da asali. Idan mutum ya canja masu riƙe masa DNS ɗin kacokan a suna mai .com, rubutun NS na can sama, mai nuna su wa ke riƙe DNS ɗin, wa'adin da ake adana shi kafin a sake tambaya daƙiƙa 172800 ne, kwana biyu cif. Kuma kafin 2004 sau biyu kawai a rana kamfanin VeriSign, mai riƙe da .com, ke sabunta kundinsa, to a zamaninku jira dole ne. Amma shi bai canja masu riƙe DNS ba, layi ɗaya ya gyara a ciki.

Ɗan Auta, Garwa: Yaya ga shi. Wasiƙa 47 a layi. A kundin mail.log kowace an rubuta mata status=deferred, ga sunan uwar garken Gmail, ga lambar IP ɗinta a gefe, sai :25, sai Connection timed out. Na Yahoo ma haka.

Yaya Injiniya, Injamena: To Baba Malam, ka dubi layin nan da kyau. Lambar IP ɗin da ke gefen sunan daga ina ta zo? Daga DNS. Uwar garkensa ta tambaya, an ba ta amsa, ta san gidan da za ta je. Ta isa ƙofa ta 25 ne, wadda uwayen garke ke miƙa wa juna wasiƙa ta cikinta, ta yi ta sallama ba wanda ya amsa. Ɗan Kuseri, kai ma ga amsarka: wayoyin ofishinsu ta ƙofa ta 587 suke miƙa saƙo, kuma ya isa, shi ya sa yake kwance a layi. Daga nan zuwa Gmail tafiya ce daga Turai, rezon Kuseri ba ya cikin hanyar.

Ɗan Kuseri: Na janye. Amma rezon namu dai ba shi da kyau, wannan a bar ni da shi.

Mai Siber, Ngaundere: Kamfanin hayar ne ya rufe maka ƙofar. Yawancin masu ba da hayar uwar garke haka suke yi wa sabon asusu, suna toshe 25 ta fita saboda masu tura wasiƙun damfara, sai ka rubuta ka ce ga ni ga abin da nake yi. Gwada da nc ko telnet zuwa ƙofa ta 25 ta Gmail daga cikin injin, in ya tsaya shiru ka san ita ce. Amma ka duba katangarka, wato firewall, tukuna, kar ka je ka kai ƙara alhali kai ka kulle kanka. Ni shawarata ma mai sauƙi ce: ka sa tsohuwar uwar garken a relayhost ta 587, sabuwar ta riƙa miƙa mata ita ta kai. Minti goma takardun Kuseri sun isa.

Ɗan Auta, Garwa: Kawu, tsohuwar babu ita. Hayarta ta ƙare ranar Asabar, Alhaji ya ce ba zai biya sefa a wuri biyu ba kan abu ɗaya. Na duba katanga, a buɗe take, telnet kuwa shiru. Na rubuta wa kamfanin yanzu.

Mai Siber, Ngaundere: Ikon Allah. Kuɗin wata guda nawa ne, a kan mota uku a tsaye?

Baba Malam, Marwa: A nan dai ni da ku bakinmu ɗaya. Ba a rushe tsohon ɗaki sai an kwana a sabo. Amma har yanzu ina nan kan bakata, akwai hannun DNS a ciki. Ku jira ku gani.

Yaya Injiniya, Injamena: Ƙanena, abu biyu kafin su amsa maka. Na farko, jiran da ake ce maka ka yi ba kyauta ba ne: Postfix kwana 5 yake riƙe wasiƙa a layi in ba ka canja saitin ba, na Asabar ranar Alhamis za su mutu su dawo wa masu su. Na biyu ya fi muhimmanci, buga postsuper -h ALL yanzu-yanzu ka tsare layin. Da zarar an buɗe ƙofar, shi da kansa zai sake gwadawa, ba zai jira izininka ba. Muddin ana cewa deferred, ko lambar da ta fara da 4, wasiƙar na da rai. Ranar da aka ce 5, an ƙi ta ke nan, ba maimaitawa. Kuma ina zargin ba ka taɓa SPF ba, layin da ke faɗa wa duniya wace lamba ce ke da izinin tura wasiƙa da sunanku.

Yaya Injiniya, Injamena: Ƙanena ka gani?

Ɗan Auta, Garwa: Yaya ki yi haƙuri, an ɗauke wuta, waya ta mutu, sai bayan azahar na samu caji a shagon maƙwabci. Kafin in ga saƙonki sun riga sun buɗe ƙofar. Wasiƙa 31 sun dawo, duk na Gmail, da 550 5.7.26, wai mai aikawa bai tabbatar da kansa ba, SPF bai wuce ba, DKIM, wato sa hannun da ake maƙala wa wasiƙa, shi ma bai wuce ba. Har da na wakilin Kuseri. Na tsare sauran.

Baba Malam, Marwa: Allahu Akbar. 'Yata, SPF a ina ake rubuta shi? A bangon masallaci? DKIM fa? Ba a DNS ba? Tun safe nake cewa DNS ne kuna ta kawo mini ƙofa da taga.

Ɗan Kuseri: Baba Malam ya farke ɗaya.

Yaya Injiniya, Injamena: Bai farke ba. Baba, abin da ka faɗa shi ne bai gama bazuwa ba, a jira. Wanda ke gabanmu kuwa ba a rubuta shi ba sam. Ko shekara za a jira, rubutun da ba a yi ba ba zai bazu ba. Kamar a ce wa direba ya jira takardarsa ta iso daga Duwala, alhali ba wanda ya sa mata hannu a can. Kuma da an bi taka, ƙofa ta 25 na nan a rufe har Alhamis. Ƙanena, buga dig a kan TXT na sunanku ka karanto mana, har da lambar da ke gaban IN.

Ɗan Auta, Garwa: v=spf1, sai ip4 da lambar tsohuwar uwar garken, sai -all. Lambar da ke gaban IN ta ragu kaɗan daga 86400. In ƙara wani layin SPF na sabuwar a ƙarƙashinsa?

Mai Siber, Ngaundere: A'a! Layin SPF biyu a suna ɗaya ya fi babu muni, duk wanda ya duba zai ce permerror. Wancan ɗin za ka gyara, ka cire tsohuwar lamba ka sa sabuwa.

Yaya Injiniya, Injamena: Haka ne. Kun ga abin da ya faru? Da bakinsu suka shaida wa duniya cewa duk wasiƙar da ba ta fito daga tsohuwar lamba ba ƙarya ce, ma'anar -all ke nan. Da can ana iya yin sa'a a wuce, ko a faɗa akwatin shara. Tun Fabrairun 2024 Gmail ta ce kowane mai aikawa, komai ƙanƙantarsa, sai ya zo da SPF ko DKIM. Masu tura 5000 a rana su sai da duka biyun har da DMARC, layin da ke faɗin abin da za a yi da wasiƙar da ta faɗi gwajin, amma ofishinku bai kai can ba. Sai dai Baba Malam, zan ba ka haƙƙinka a wuri ɗaya. Wa'adin 86400 yini ne cur, awa 24. Ɗazu Gmail ta karanta tsohon layin, tana iya riƙe shi har gobe war haka. Yanzu kam akwai jira na gaske, kuma da an sauke wa'adin zuwa 300 tun ranar Laraba da babu shi.

Baba Malam, Marwa: To me ya rage? Mun dawo gidan jiya. A jira.

Yaya Injiniya, Injamena: Ba za a jira ba. SPF ko DKIM aka ce, ɗaya ya isa. Makullin DKIM ɗinsu ya tafi da tsohuwar uwar garken, ba komai. Ƙanena, ƙera sabo da opendkim-genkey, 2048, amma kada ka ba shi sunan da aka yi amfani da shi a baya. Sa masa sabon suna, ko garwa2 ne. Sunan da ba a taɓa tambaya ba, babu wanda ya adana tsohuwar amsarsa, ka rubuta yanzu a gani yanzu. Ka kula, ka fara sa shi a DNS kafin ka gwada komai, don in aka tambaya aka ce babu, wannan babun ma ana adana shi na ɗan lokaci.

Baba Malam, Marwa: Wannan dabarar ban san ta ba, gaskiya. Amma ai dabarar kauce wa jira ce, wato kin yarda jiran yana nan.

Yaya Injiniya, Injamena: Na SPF yana nan, na yarda. Na safe ne babu.

Mai Siber, Ngaundere: Ku bar wa yaro ya yi aiki. Ɗan Auta, kar ka manta PTR, lambarka ta riƙa komawa ga sunan uwar garken, daidai da abin da ke myhostname. A shafin kamfanin hayar ake sa shi, ba inda ka sayi suna ba. In sun ba ka IPv6 kuma ba ka yi masa nasa ba, sa inet_protocols = ipv4 ka sake tayar da Postfix, in ba haka ba wata wasiƙa ta wuce wata ta dawo ka rasa dalili. Ni wannan ya taɓa cinye mini sati.

Ɗan Auta, Garwa: Alhamdu lillahi. Na yi duka. Na tura sabon saƙo zuwa Gmail ɗin ƙanwata, status=sent, na buɗe asalin wasiƙar na ga dkim=pass, SPF har yanzu fail. Akawu ya sake tura takardun, wakilin Kuseri ya ce sun shigo, amma yamma ta yi, sai gobe motocin za su hau gadar Ngeli. Sauran 16 da na tsare in sake su?

Yaya Injiniya, Injamena: Tsaya. Su sun shiga layi tun babu sabon makullin, ba su da sa hannu. Ka bar su a tsare har gobe SPF ya kama, sai ka buga postsuper -H ALL. Mai gaggawa a cikinsu a sake tura shi sabo.

Baba Malam, Marwa: Jama'a kun ji da kunnenku? Ta ce a bari har gobe. A rubuta mini wannan.

Ɗan Kuseri: An rubuta, Baba. Ga direbobin nan na gansu a bakin mai shayi, sun ce a gaida Injiniya.

Ɗan Auta, Garwa: Yaya wata kuma. Injin sikan na ofis ya daina tura komai tun Asabar, yanzu sakatare ke gaya mini. Na duba saitinsa, lambar tsohuwar uwar garken ce aka rubuta a ciki da hannu, kuma ba wanda ya san kalmar sirrin injin.