Wane tsarin kicin ya dace da gida mai zaure?

Tambaya daga Ringim: Assalamu alaikum. Muna gina gida mai zaure da tsakar gida, kuma ina son kicin na alfarma. Shin in zaɓi mai teburi a tsakiya, ko mai bin bango uku?

Magini daga Gaya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Teburin tsakiya yana buƙatar sararin kusan mita 1 a kowane gefe, don haka idan ɗakin ƙarami ne, bango uku ya fi. Ƙofar ta fuskanci tsakar gida, taga kuma kada ta kalli arewa maso gabas, inda ƙurar hunturu take fitowa.

Uwargida daga Jahun: Yaya, ki bar murhun itace a waje domin tuwon biki, saboda hayaƙi yana ɓata kabad.