Abin da aka tattauna kan sare itatuwan bakin rafi a ƙasar Argungu

Ranar Juma'a bayan La'asar, masunta da manoman fadama suka zauna a wani ƙauye kusa da Argungu. Magana ɗaya ce ta tara su: tun da masu yin gawayi suka share kanya da ɗinya da ke bakin rafin, da tsakar rana a bazara ruwan sai ka ce an ɗora shi a kan murhu.

Malamin gona ya bayyana dalili. Inuwa ce ke tare rana. In aka cire ta, ƙaramin rafi marar zurfi yakan ɗumama nan da nan, ba kamar kogin Rima mai yalwar ruwa ba. Ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa sosai: a ma'aunin zafi 20, lita guda na ɗaukar kusan miligiram 9, a 30 kuwa sai ya koma wajen 7.5. Tarwaɗa ba ruwanta, tana ɗagowa ta shaƙi iska a sama. 'Ya'yan kifi ne ke jigata.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a bar jerin itatuwa a gaɓa biyu, musamman ta yamma, saboda ranar yamma ce ta fi gasa ruwan. Wani dattijo ya ce a dasa gawo, tunda da rani yake fitar da ganye. Ni dai na ga hikimar hakan. Masu neman itacen girki kuma su sassabe rassa, su bar uwar.

Batun hana shanu gangarowa ta ko'ina kuwa, gardama aka yi ta yi har aka kira Magariba.