Sifaniyanci ta waya: karatu ne ko ɓarnar data?

Kawu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Auta ta same ni da magana, na ce ba zan yanke ni kaɗai ba. Wai ta shiga kwas ɗin Sifaniyanci na wata jami'a ta intanet, ajin 'yan koyo, tana so in biya mata kuɗin takardar shaida, da dala kuma. Ga matsayina tun kafin kowa ya gaji da rubutu: ba a koyon yare ta waya. Wanda bai zauna cikin masu yare ya yi kwaɓa an yi masa dariya an gyara masa ba, bai koyi komai ba. Kuma ko ana koya, me ɗan Bauchi zai yi da Sifaniyanci? Mai ja, bisimilla.

Auta: Wa alaikumus salam. Kawu, Allah ya ƙara girma, ai ban zaci za ku kawo ni gaban kotu ba. Bari in yi bayani. Kwas ɗin na Jami'ar Fasaha ta Valencia ne, a manhajar edX. Kallon darussa kyauta ne na wani ɗan lokaci, amma takardar shaida da ayyukan da ake ba da maki sai an biya. Tunda na gama ATBU ina zaune ina jiran bautar ƙasa, shi ya sa na ce gara wannan da barcin hantsi.

Ɗan Madrid: Da kin zo gidan kallonmu na Wunti ran Lahadi, da mun koya miki kyauta.

Anti: Kai dai bayan sunayen 'yan ƙwallo me ka iya?

Goggo: Ni maganar Alhaji ta biyu ce ta kama ni. Ku duba maƙwabtanmu: Nijar, Cadi, Kamaru, Benin, duk da Faransanci ake aikin ofis. Har ƙauyen koyon Faransanci gwamnati ta kafa a Badagry, na Larabci kuma a Borno. Ko ECOWAS da Ingilishi da Faransanci da Fotugis take aiki, babu Sifaniyanci a ciki. Yarinya, ga Larabcinki kin bar shi a aji huɗu na Islamiyya, kin tsallake kin tafi neman na nesa.

Ɗan Madrid: Goggo, ku yi haƙuri, ai Sifaniya ita ce Andalus da kuke ba mu labari. Musulmi sun shiga a 711, ba su rasa Garnaɗa ba sai 1492. Ashe Auta gadon kakanni ta je nema.

Goggo: Malaman Ƙurɗuba da Larabci suka yi rubutu, ɗan nan. In gadonsu take nema ta dawo ta ɗauki allonta.

Ɗan Madrid: Na janye.

Yaya Babba: Goggo na da hujja a kan maƙwabta, amma kada mu mai da yaren ƙaramin abu. Ƙasashe 20 ne ke aikin hukuma da shi, masu jin sa tun daga nono sun kusa miliyan 500, a Amurka kaɗai sama da miliyan 40 da shi suke magana a gida. Yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana cikin na Tarayyar Afirka. Kuma ba shi da nisan da muke zato. Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu 'yanci daga Sifaniya a 1968, da shi take aiki. Tsibirinta da birnin Malabo yake a kai yana can kudu da Kalaba, 'yan Najeriya da yawa sun yi ƙwadago a gonakin koko a can. Sifaniya kuwa tana cikin manyan masu sayen mai da gas ɗinmu.

Kawu: To sai ɗan Kalaba ya koya. Ni daga Muda Lawal in na ɗora kaya, Gombe nake bi, in faɗa Yola, in tsallaka Garwa. Ban taɓa haɗuwa da mai Sifaniyanci a hanyar nan ba. Gas ɗin da kake faɗa kuma, da Turanci ake sa hannu a takardunsa, kuma ba mu ake kira ba.

Ɗan Madrid: Ɗan ƙwallon nan Umar Sadiq ɗan Kaduna ne fa, ya je ƙungiyar Almería ta Sifaniya a 2020, Real Sociedad ta saye shi a 2022.

Kawu: Madalla, ka kawo mini shaida. Zuwa ya yi da ƙafarsa. Ni Faransancin da nake ciniki da shi a Garwa, wa ya koya mini? Kasuwa. An cuce ni a canji, na koyi ƙirge dole. Wannan na waya kamar koyon iyo ne a kan tabarma, hannu da ƙafa duk suna motsi, ranar da aka jefa ka ruwa sai a nemo masu ceto.

Auta: Kawu, bari in faɗa muku yadda abin yake, don ba kallo kawai ake yi ba. Bidiyon gajeru ne. Malama ta faɗi jimla, in tsayar, in maimaita, in ɗauki muryata a waya in saurara in ji inda na karkace. Bayan haka akwai tambayoyi, in na kuskure nan take kwamfuta ta nuna mini. Da tsakar dare nake kallo saboda datar dare ta fi araha, a bakin ƙofar kicin, don nan ne kawai sabis ke tsayawa a gidanmu. Inna har ta taɓa leƙowa da tocila ta ga ina magana ni kaɗai, ta yi ta a'uziyya. Yanzu ina iya gaisuwa, in faɗi sunana da garinmu, in ƙirga, in tambayi farashi, in karanta gajeren saƙo.

Kawu: Wa kika tambaya farashin? Me ya ce miki?

Auta: To, nan kam babu.

Yaya Babba: Nan ne ƙashin maganar. Ni malamin Turanci ne, kullum ina ganin ɗalibin da ya ci jarrabawa amma in baƙo ya ce masa sannu sai ya daskare, don haka ba zan ce Kawu ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Sai dai yare ba baki kaɗai ba ne. Akwai ji, akwai karatu, akwai rubutu. Kwas irin wannan yana ba da ukun nan a tsare, abin da kasuwa ba ta bayarwa. Kuma Bahaushe ya shigo da jari. Wasulansu biyar ne, a e i o u, kusan yadda muke furta namu, kuma yawanci yadda aka rubuta haka ake karantawa, ba irin Turanci da ke rubuta abu ya faɗi wani ba. Ra ɗin nan mai kaɗawa da ke wahalar da Bature, mu muna da ita a baki. Suna raba sunaye namiji da mace kamar mu, har ma na macen yawanci da a suke ƙarewa. Inda ake zufa shi ne aikatau, don ƙarshen kalmar ne ke sauyawa da mai yin aikin: hablo, hablas, habla, hablamos. Mu kuwa kalmar tana nan, sai dai mu canja na, ka, ya, mun. Wannan kam sai da littafi da maimaici, kuma a nan kwas ya fi kasuwa nesa ba kusa ba.

Anti: Kawu, ku gafarce ni, zan yi tambaya. Ranar da aka ba ku takardar kwastan a iyaka, wa ya karanta muku?

Kawu: Akwai yaron da nake ba wani abu yana duba mini.

Anti: Shekara nawa kuna bin hanyar nan?

Kawu: Ke matar Yaya, na ga inda kika nufa. Ciniki dai ban taɓa neman tafinta ba.

Anti: Ba raini ba ne wallahi. Ku kuna da baki babu takarda, ita tana da takarda babu baki, kowa da rabinsa. Lokacin korona a 2020 mu ma'aikatan jinya ta waya aka yi mana horo da yawa. Allura kam ba ta koyuwa a haka, amma abin da ke shiga kai ya shiga. Kuma amfani ba ya ƙarewa a hanyar Garwa. Kuba tana da makarantar likitanci da ta buɗe a 1999, tana ɗaukar ɗalibai har daga Afirka, da Sifaniyanci ake karatun.

Goggo: Auta ba likitanci ta karanta ba. Ni tsorona daban ne. Yau yare, gobe a ce ana son ganin ƙasar masu yaren. Muna jin labarin yaran da ke bi ta Agadas suna ƙarewa a teku.

Auta: Haba Goggo! Ni da ko Jos ba na zuwa sai da rakiya. Aiki nake hange, na fassara ko na ƙungiyoyin agaji, ko ƙaro karatu ta hanyar da ta dace. Masu Faransanci sun yi yawa, masu wannan kuwa ba ko'ina ba.

Kawu: Ƙarancin masu sayarwa wani lokaci alama ce ta babu masu saye.

Yaya Babba: Wannan ta zauna, Kawu. Auta, ki saurara da kyau, don nan zan ɓata miki rai. Ana auna iya yare a matakai 6: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Kwas ɗinki yana A1 ne, matakin gaisuwa da sayen burodi. Babu mai ɗaukar tafinta a nan, aikin ofis yawanci daga B2 ake fara magana. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta awa 600 zuwa 750 a aji kafin mai jin Turanci ya iya aiki da Sifaniyanci. Larabci awa 2,200 ta ba shi, kin ga naki mai sauƙi ne, amma ki yi lissafi: in awa huɗu kike ba shi a mako, awa 600 ta kusa shekara uku. Sai ki tambayi kanki ko kin shirya wa wannan, ko kuwa zaman jiran bautar ƙasa ne ke sa ki.

Ita kuma takardar da kike so a biya, shaida ce ta cewa kin kammala kwas, ba digiri ba ce, ba kuma ita ake tambaya ba in ana son a san ƙarfin yarenki. Wadda aka sani ita ce DELE, Cibiyar Cervantes ke shirya ta a madadin ma'aikatar ilimin Sifaniya. Ana zaunawa a cibiyar jarrabawa, har da hira baki da baki da mai gwaji, kuma ba ta tsufa. Akwai SIELE ma da ake yi a kwamfuta, ita shekara 5 take aiki. In za a kashe dala, can ya kamata, kuma ba yanzu ba.

Kawu: Alhamdu lillahi, malami ya yanke hukunci, kada a biya.

Yaya Babba: Takarda na ce kada a biya, Kawu, ban ce karatun banza ne ba.

Auta: Yaya, amma in ba a biya ba ayyukan maki a rufe suke, kuma bayan wa'adi darussan ma rufewa suke yi. Ni na san kaina, in babu mai bina da maki sanyi zan yi.

Anti: Wannan gaskiya ce da ba kowa ke faɗa ba. Mutane da yawa suna fara irin kwas ɗin nan da zafi, mako na uku shiru. Maganinsa ki samu abokiyar hira. Akwai 'yan Meziko da Kwalambiya da ke neman mai Turanci, a yi musaya, rabin awa nasu rabin awa naki.

Goggo: Budurwa ta zauna tana kiran bidiyo da wanda ba a san asalinsa ba? Ba a gidan yayana ba.

Anti: Mace 'yar'uwarta, Goggo, kuma saƙon murya ma ya isa. Ta yi a falo gaban Inna.

Goggo: Innar da ba ta jin abin da ake faɗa? Ni dai sai na ji muryar matar da kunnena.

Ɗan Madrid: Ga gwaji mai sauƙi. In turo mata sharhin wasa na minti ɗaya daga gidan rediyon Madrid, in ta faɗa mana abin da aka ce, Kawu ya biya.

Auta: Mugu! Waɗannan ko numfashi ba sa yi. Kawo labaran yara a hankali mu gani.

Kawu: To ku ji nawa. Har yanzu ina kan bakana, waya ba ta ba mutum baki. Takardar dala ba zan biya ba. Amma tunda an tona mini asirin takardar kwastan, zan riƙa sa mata data har ta tafi bautar ƙasa, da sharaɗin duk Juma'a ta turo saƙon murya a nan cikin yaren, ba karantawa daga littafi ba. Wa zai tantance mana ma? Duk cikinmu babu mai ji.

Yaya Babba: Abokiyar hirar in an samu, ita za ta ce ta gane ko ba ta gane ba.

Goggo: Ni ban sauka ba. In ta gama wannan ta koma Larabcinta, sannan Faransanci.

Auta: Na gode Kawu, Allah ya ƙara buɗi. Goggo, in sha Allahu. Yaya, tsohuwar kwamfutarka da ke kan durowa fa? Wayata ba ta da alamar tambaya ta kife da suke sawa a farkon jimla, sai na yi ta lalube.

Yaya Babba: Ki danna alamar tambayar ki riƙe, za ta fito. Kwamfutar kuwa batirinta ya mutu, sai da wuta take tashi. Ki zo ki ɗauka bayan la'asar, ki taho da jakar da za ki saka ta.