Sharuɗɗan da malamin kiɗa zai gindaya tun farko

Malaman da ke koyar da piyano da jita a gida sun tattauna abin da ke haɗa su da iyayen ɗalibai, kuma bakinsu ya zo ɗaya: a rubuta sharuɗɗa, kowa ya sa hannu kafin darasin farko.

An fi daɗewa a kan batun fashi. Malami ya ware wa yaro minti 30 ko 45, ya hana wani gurbin, ya shirya takardun waƙa, sai ga saƙo ana dab da farawa: "Malam, yau ba za mu samu zuwa ba." Yawancinsu suka ce a karɓi kuɗin wata tun farkonsa, kuma duk wanda bai sanar awa 24 kafin lokaci ba, darasin ya wuce. Wasu suka ce a ɗaga ƙafa idan rashin lafiya ne, ni ma nan na tsaya, domin ba da gangan yaro ke kwanciya ba. Idan malamin ne ya yi fashi, ramuwa dole ce.

Makara ba ta ƙara lokaci. A fayyace wanda zai sayi littattafai da tsirkiyar jita. Ƙarin kuɗi ko daina zuwa, a sanar wata guda kafin nan.