Yaya Manoel de Oliveira ya kai shekara 103 yana ba da umarnin fim?

Ɗan Kamara:
Jama'a, tambaya gare ni kan Manoel de Oliveira na ƙasar Fotugal. An haife shi a birnin Porto a 1908, ya rasu a 2015, kuma kafin rasuwarsa babu daraktan da ke kan aiki da ya kai shi tsufa a duniya. Mutumin da babu wani babban kamfani a bayansa, yaya aka yi ya ɗore haka?

Mai Tace Hoto:
Malam, ƙuruciyarsa ce ta tafi a banza. Ya fara da fim marar sauti a 1931, ya yi Aniki-Bóbó a 1942 bai yi kasuwa ba, a zamanin mulkin kama-karya na Salazar a Fotugal kuma labaran fim da ya rubuta sun yi ta kwana a aljihun tebur saboda rashin tallafi. Gonar inabi ya koma kula da ita. A 1955 ya je Jamus ya koyo aikin fim mai launi, ya dawo yana riƙe kamara da hannunsa. Sai bayan 1990 ya shiga fitar da fim kusan duk shekara, lokacin ya haura tamanin.

Hajiya Furodusa:
Sirrin yana wajen tsarin aiki. Tun daga fim ɗinsa Francisca a 1981 ya daɗe da furodusa guda, Paulo Branco, ana haɗa kuɗin Fotugal da na Faransa. 'Yan wasansa kusan ba sa canzawa: Leonor Silveira, Luís Miguel Cintra, da jikansa Ricardo Trêpa. Kamara kuma kafe ta yake yi, a ɗauki doguwar fitowa ba yankewa, sai sauya fitilu ya ragu, kwanakin ɗauka su ragu. Dubi fim ɗinsa dogo na ƙarshe a 2012, lokacin yana da shekara 103, kusan duka cikin ɗaki ɗaya ne. Amma fa wannan salo ba ya yafiya: ɗan wasa ya yi tuntuɓe a ƙarshen magana, sai a sake daga farko.

Mai Tace Hoto:
Gaskiya ne Hajiya, kuma Oliveira ya sha wuya a kan wannan salo. Fim ɗinsa Amor de Perdição mai launi ne, talabijin ɗin Fotugal ya yanka shi kashi-kashi ya nuna shi baƙi da fari a 1978, jama'a suka yi ta suka. Da aka haska shi a sinima a Faris a 1979 aka yaba. Bashi ma ya sa ya sayar da gidansa na Porto, ya ɗauki fim a cikin gidan, ya ce kada a haska wa jama'a sai bayan ransa.