Sati tara da yi min takmim (aikin rage tumbi), abinci ya ƙi zama, ga azumi ya ƙarato

Ummu Haidar:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta na wasu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Ku yi haƙuri da tsawon bayani.

A Makka nake, wajen Shari Mansur, shekarata 38, 'ya'yana huɗu. Tun haihuwar na biyu jikina ya buɗe, har na kai kilo 126. Ga suga, ga ciwon gwiwa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bara, da ƙanwar mahaifiyata ta zo Umra daga Kano na raka ta Harami. Tsohuwa ta doshi saba'in, ta gama ɗawafinta da ƙafarta, ni kuwa a zagaye na huɗu na nemi wuri na zauna ina haki, Safa da Marwa a keke aka tura ni tana biye da mu. Ta dafa kafaɗata ta ce "Sannu ɗiyata, Allah ya sawwaƙe." Ranar na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babanmu. Kuma ba zama na yi ba, babu abin da ban sha ba: sanamaki, hulba, lemun tsami da ruwan ɗumi da sassafe, shayin rage ƙiba kala-kala. In sauke kilo biyar, bakwai su dawo.

Daga ƙarshe na sayar da warwarona biyu na zinare, na haɗa da kuɗin adashi, aka yi min takmim a wani asibitin kuɗi a Jidda. Ga wadda ba ta sani ba, shi ne a yanke mafi yawan tumbi a bar ɗan siriri kamar ayaba. Maigida ya sani, shi ya kai ni. Amma Hajiya mahaifiyarsa, da muke gida ɗaya, ba ta sani ba. Mun ce mata matsarmama aka cire min, saboda ta sha faɗi a gabana cewa masu yin wannan aikin sun raina halittar Allah.

Yau sati tara. Na sauke kilo 19, suga ya sauka, alhamdulillahi. Sai dai abinci ya ƙi zama. Cokali uku na shinkafa sai in ji kamar an ɗora min dutse a ƙahon zuci, yawu ya cika min baki, ba ni da sauƙi sai na amayar. Nama ko ƙamshinsa ba na so. Abin da ke wucewa lafiya kunun tsamiya ne, da shayi, da biskit in na jiƙa shi. Tafin ƙafata kamar ana soka min allura, in na miƙe kuma jiri. Masa da sambusa nake yi na sayarwa, a azumi nake samun kuɗin shekara, ga shi saura sati uku a ga wata.

Me zan ci ya zauna? Kuma yaya zan yi azumi ba tare da Hajiya ta gane ba? A faranti ɗaya muke buɗa baki.

Maman Amira:

Wa alaikumus salam. Allah sarki, sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Amma ba ki ce mana komai a kan likita ba. Kin koma ya gan ki bayan aikin?

Hajiya Turai:

Ƙanwata, kwantar da hankalinki ki saurare ni, shekarata biyar da yin takmim, daga kilo 134 na dawo 78, kuma mata fiye da goma na raka suka yi. Babu abin da kika faɗa da ban gani ba. Aman nan ke kike jawo shi. Har yanzu kina ci da hannun da, tumbin kuwa ba na da ba ne. Shinkafa tana cikin abin da ya fi wahalar zama a farko, ita da burodi mai laushi da gurasar tamis da tuwo, kumbura suke su toshe. Ki bar su tukuna.

Ki sami cokalin shayi da ɗan farantin gahawa, da su za ki riƙa ci. Kowace loma ki tauna har ta zama kamar kunu a bakinki, ki ajiye cokalin, ki jira. Abincin da bai kai rabin kofi ba ya ɗauke ki minti 20 ko 30. Kada ki kuskura ki kora da ruwa: ki daina sha minti 30 kafin ci, kada ki sha sai bayan minti 30 da gamawa. Da kin ji gyatsa ta farko ko shaƙuwa, khalas, kin ƙoshi, loma ɗaya a kai ita ce aman. Pepsi da duk wani mai gas kin yi bankwana da su.

Kunun nan da biskit kuwa su za su dawo miki da ƙibar, don zamewa suke su wuce ba su cika wuri ba, ga sukari. Abin da za ki riƙa ci shi ne ƙwai, laban (nono), zabadi (kindirmo), kifi, shurbar adas (romon ƙananan wake), kaza da aka dafa ta yi lugub aka daka. Azumi kuma ki yi abinki, ni wata huɗu da aiki na yi talatin cif, ban sha ko ɗaya ba. Ki riƙe zamzam da niyyar waraka.

Binta Jidda:

Ni dai ki shirya wa gashi. Wata na huɗu da aiki in na sa mashaci sai ya cika, na riƙa ɓoye shi a leda don kada yara su gani. Ya dawo daga baya, amma kafin nan na sha magana. Dangin miji babu abin da ba su ce ba, wai ciwon da ba a faɗa ne ya kama ni. Shi kansa mijin da ya riƙa yi min gorin ƙiba shekara da shekaru, da na rame sai ya ce shi da can ya fi so na, wai fatar hannuna ta saki. Ka yi ba ka tsira ba, ka bari ba ka tsira ba. Ranar bikin ƙanwarsa aka zuba min mandi, shinkafa da nama, faranti guda, na ci tsoka ɗaya na tsame hannu, uwar ango ta ce na raina musu abinci, har yau gaisuwarmu sama-sama.

Sannan maganar matsarmamar nan. Ramewa da sauri tana sa duwatsu su taru a cikinta, ni a wata na bakwai ta kwantar da ni, aka sake shiga da ni tiyata aka cire. To in taki ta tashi da gaske me za ki ce wa Hajiya? Ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi.

Sista Hauwa (Madina):

Ummu Haidar, ni ma'aikaciyar jinya ce, ba likitarki ba ce, amma don girman Allah ki amsa min. Sau nawa kike amai a rana, kuma tun yaushe? Ruwa nawa kike sha? Kina shan bitamin ɗin da aka rubuta miki? Maganin sugar fa, har yanzu adadin da kike sha kafin aiki kike sha?

Abin da ya tayar min da hankali a rubutunki ba shinkafa ba ce, ƙafar nan ce da jiri. Jiki ba ya ajiyar bitamin B1 mai yawa, 'yan makonni na amai da rashin ci sun isa su ƙarar da shi. In ya ƙare jijiyoyi yake taɓawa: tsikarar allura a ƙafa, rashin ƙarfi, tangaɗi a tafiya, gani biyu-biyu, ruɗewa. In an kama da wuri allura ake yi a gyara, in an makara wata ɓarnar ba ta komawa. Kuma cin zaƙi zalla a wannan hali ƙara ƙone ɗan abin da ya rage yake. Bayan haka, amai kullum a sati na tara yana iya zama wani wuri ne ya ƙuntata a sabon tumbin, wannan kuwa ba taunawa ke gyara shi ba, sai an duba da hoto ko na'urar leƙa ciki. Jirin yana iya zama ƙarancin ruwa, yana iya zama suga ne ke faɗuwa don magani ya yi miki yawa yanzu. Ki je asibiti yau ko gobe. In fita ta gagara a daren nan ki kira 937, layin ma'aikatar lafiya, ki faɗa musu abin da kika faɗa mana.

Ummu Haidar:

Na gode muku duka. Hajiya Turai, gaskiya ne ina ci da sauri, don a gaban Hajiya nake ci, in na tsaya jan loma sai ta fara tambaya. Sista, aman bai wuce sau biyu ko uku a rana, kuma ba na jini ba ne. Bitamin na sha sati biyu na bari, ƙwayar ƙatuwa ce, da ta sauka sai tashin zuciya. Asibiti na koma sau ɗaya aka duba ɗinki. Na yi awa uku a layi, likitan ko ɗago kai bai yi ba, ya miƙo min takardar abinci da Larabci da Turanci, babu tuwo babu kunu a ciki, duk abincin da ba a dafawa a gidanmu. Kuma ku duba, Jidda ba bayan gida ba ce, kusan kilomita 80, ga kuɗin mota, ga na gwaji, ga abin da zan ce a gida. Ni ban ɗauki abin ƙafar da zafi ba, tun ina da suga nake ɗan ji.

Hajiya Turai:

Sista Hauwa, da girmamawa, kada ki firgita yarinya. Ku a takarda kuka karanta, mu a jikinmu aka yanka. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Da yawa na amai a watannin farko, ni har wata na biyar ina yi, ga ni garau. Asibitocin kuɗin nan da ka taka ƙofarsu sai sun jero maka gwaji goma. Ƙanwata, bitamin akwai na taunawa akwai na ruwa, ki je saidaliyya, wato kantin magani, ki ce wanda ake ba masu takmim. Ki sha bayan kin ɗan ci wani abu, ba da cikin wofi ba.

Sista Hauwa (Madina):

Hajiya, abin da kika faɗa a kan taunawa da raba ruwa da abinci daidai ne, na bitamin mai taunawa ma haka. Amma ke Allah ya tsare ki, ba kowa ke tsira ba, kuma ke ba ki ce ƙafarki ta yi tsami ba. Wadda ke amai sau uku a rana ƙwaya ba ta isar mata. Lissafi ma ya isa: ana so mai wannan aiki ta sami furotin giram 60 zuwa 80 a rana da ruwa lita ɗaya da rabi ko fiye. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. A kunun tsamiya da biskit nawa za ta samu? Ruwan da take kurɓa yini guda bai ishe ta ba, yaya za ta haɗa shi tsakanin magariba da asuba, bayan awa 13 tana tsaye a kan kaskon masa? Ummu Haidar, ba sai Jidda ba, kowane asibiti a Makka zai iya ɗibar jininki ya sa miki ruwa. Kuma in gwiwa ta motsa kada ki sha Brufen ko Voltaren, suna iya jawo gyambo a tumbin.

Malama Sa'adatu:

Ni gefen addini zan taɓa. Allah ya faɗa a Suratul Baƙara, aya ta 185, cewa wanda ba shi da lafiya ko yake kan tafiya ya rama a wasu kwanaki, kuma sauƙi yake nufi da mu ba tsanani ba. In likita amintacce ya ce azumi zai cutar da ke, ki sha ki rama, babu laifi a kanki. Azumin da za a yi don tsoron idon suruka kuma, ki binciki niyyarki, 'yar uwa. Ki sa mijinki ya zauna da mahaifiyarsa. Shi ya haɗa wannan zance da ke, shi ya kamata ya warware.

Inna Zahra'u:

Ni ban ga abin da ya kai mutum ya miƙa cikinsa a yanka ba. Mu da muka taso a Sudan, a Mai Wurno, mace mai jiki ita ce mace, amarya har kiwonta ake ana ɗura mata kunun madida don ta cika. Yanzu kowa so yake ya zama kamar sillen kara. 'Yar maƙwabciyata ta yi, shekara uku ke nan ba ta zauna ta ci abinci da mutane ba. Ɗiyata, ki dama fura da nono mai kauri ki riƙa sha, ki roƙi gafarar surukarki.

Ummu Haidar:

Inna, ba don kwalliya na yi ba. Suga ne ya ci ƙafar babanmu kafin ya rasu, ni na yi jinyarsa, na san abin da na gudar wa kaina. Ko yau aka mayar da ni baya zan sake yi. Malama, na ji, amma ba ku san Hajiya ba. Ba muguwa ba ce, ita ta riƙe min yara kwana ukun da na yi a Jidda, ita ke dafa min farfesu tana cewa in ci in mayar da jini. In ta ji ƙarya muka yi mata, kuma da kuɗin zinaren da ita ta sa min a lefe, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Maigida ya ce in daure a wuce Sallah tukuna.

Zan gwada ƙwai da laban daga gobe yadda Hajiya Turai ta ce, in sayi bitamin na taunawa. In na ga babu sauƙi zuwa sati mai zuwa sai in san yadda zan yi. Kunun gyaɗa fa, zai riƙe ni in na yi sahur da shi?

Hajiya Turai:

Zai riƙe ki, ki dama da madara, kada ki sa sukari. Ki bi ni a hankali, ni zan kai ki Sallah lafiya.

Binta Jidda:

Su maza kullum "ki daure". Da a jikinsu ne da tuni an kira motar asibiti.

Ummu Haidar:

Bari in je, Hajiya na kira. Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ce yau sai ta ga na cinye malmala ɗaya.

Sista Hauwa (Madina):

Ummu Haidar, ba ki amsa min maganar maganin suga ba. Kuma ƙafar, ɗaya ce ko duka biyun? Ta fara hawowa sama?